Kwalaben da Na Ɓoye a Aljihu

Jama'a, wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Masu tambaya ko na daina sayar da latas a kasuwar Muda Lawal ne, ban daina ba. Kwanciya na yi.

Da zazzaɓi abin ya fara. A kemis aka ce maleriya ce. In sha magani ta lafa, bayan sati biyu ta dawo. Abin da ban faɗa wa kowa ba, jini nake gani a ƙarshen fitsarina.

A asibiti aka ɗebi jinina, aka ba ni kwalabe biyu, ta fitsari da ta bayan gida. Ina leƙa ɗakin gwaji, sai ga Larai, ƙanwar matata, ashe a nan take aiki. Ni, magidanci mai 'ya'ya biyar, in miƙa wa Larai wannan? Haba! Na cusa su a aljihu na yi gida.

Bayan sati uku na yanke jiki na faɗi a rumfa.

Likita ya ja fatar idona, fari fat. Ya ce, "Malam Sabo, jininka ya kusa ƙarewa. Maleriya kaɗai ba ta yi maka wannan ba. Ina sauran gwajin?"

Matata Hajara ta zaro kwalaben daga jaka, ashe wajen wanki ta tsince su. "Ga su nan, likita. Ko buɗewa bai yi ba."

Sakamako ya fito, cuta uku: maleriya, tsargiya, da tsutsar ciki mai tsotsar jini. Likita ya ce idan sun tattara gwaje-gwajen irina masu shiga ruwan fadama ba takalmi, sau da yawa ba ɗaya suke samu ba.

Jini leda biyu aka ƙara mini. Ina kallon jinin yana ɗiga, ina lissafin wanda zai riƙe yarana. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Numfashi ma sai na yi da gaske.

Alhamdulillahi, yau da ƙafata na je masallaci. Hajara, da ƙanena Bala da ya ba da jini, Allah ya biya ku.

Idan zazzaɓi yana ta dawowa, ku yi duk gwajin da aka rubuta, kada ku zaɓa. Ku sa takalmin roba a fadama. Kun ga jini a fitsari, ku faɗa.

Ita kuwa Larai, da aka kai mata kwalaben, lamba kawai ta rubuta a kai. Ko ɗago kai ba ta yi ba.