Yadda Abakar Ya Ƙarasa Kogi

Abakar mai fenti yana da rumfa a unguwar Moduganari, kusa da masu faci. Tun yana yaro yake zana kawuna a allunan masu aski, da zakuna a bayan tifa. Duk abin da ya zana sai ya zagaye shi da baƙin layi, kamar yana tsoron kada ya gudu. A wurinsa, hoton da ba a gane shi daga tsallaken titi ba hoto ba ne. 'Yan unguwa suna kiransa Injiniya, shi ma ya yarda.

'Yata Rahmat zane ta karanta a jami'a. Bayan rasuwarta, ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta shiga gidanmu ta cinye ayyukanta, sai guda ɗaya da ke saman kabad. Kogin Ngadda ne da sassafe, bayan an ɗauke ruwa. Babu layi ko ɗaya a cikinsa, sai toka-toka da shuɗi, da ɗan ruwan ɗorawa inda rana ke shirin fitowa. In ka matsa kusa, dabbaren fenti ne. In ka ja baya, sai ruwan ya fara tafiya. Takan ce ba kogin ta zana ba, sanyin da ta ji a bakinsa ne.

Na kai wa Abakar ya sa masa firam da gilashi. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ranar da na koma ya tarbe ni da fara'a.

"Wushe, Baba, sannu da zuwa! Zo ka ga aiki. Yarinyar, Allah ya jiƙanta, ba ta ƙarasa ba. Ni na ƙarasa mata."

Ya shata wa kogin gaɓa da baƙin layi. Ya dasa dabino, ya sa kwalekwale, ya rataya jar rana mai gashi. A ƙasa ya rubuta sunansa da lambar waya.

Na ce, "Zai goge?"

"Haba Baba, fentin mota ne fa! Har jikokinka."

Rahmat kaɗai Allah ya ba ni.

A gida na ɓalle firam ɗin. A gefe, inda katako ya rufe, akwai wuri kamar faɗin yatsa da buroshinsa bai kai ba. Na yanke shi na adana, na mayar masa da sauran.

Hoton yana nan rataye a gaban rumfarsa. Ana gane shi daga tsallaken titi.