Guntun Tauraro a Akwatina

A kan kujerar gaba ta taksinsa na fara ganin dutsen, baƙi wuluk kamar an ƙona shi, bai fi dunƙulen hannu ba. Ya zo zance gidanmu a unguwar Bobiel bayan la'asar, ni kuma ina jiran turare ko zobe, irin abin da samari ke kawowa a littattafan soyayya da nake haya a kasuwa.

"Ɗaga ki ji," in ji shi.

Nauyin ya ja hannuna ƙasa. Ya fiddo mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar radiyo, ya kusanta shi, sai ƙaf, ya manne.

"Daga sama ya faɗo, ƙanwata. Wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya tsinto a hamada. Yanzu ma Turawa shirin haƙar taurari suke, na ji a radiyo. Kafin su hau, mu za mu tsince wanda ya zubo."

"Taksin fa?"

"In sayar mana! Ko kin fi son in tsufa ina kwasar mutane?"

Ya ce in ajiye masa. Na naɗe shi a ɗankwali na sa a akwati, ina jin ba budurwar da aka taɓa ba tauraro a duk Yamai sai ni.

Da babana ya gani, murnar ta mutu. Ya yi shekaru yana haƙar ma'adini a arewa, ya dawo da tarin da ba ya barinsa ya ƙarasa fatiha. Ya ƙi taɓa dutsen.

"Mu ma haka aka ce mana, arziki ne. Fitar da shi daga ɗakin kwananki."

Daga ranar in na yi atishawa sai gabana ya faɗi. In na kalli sama sai in hango ta duk ramuka, da maza irin babana suna tari a ciki, har da wanda nake so. Na ce a raina, in babu dutsen, babu tafiyarsa hamada.

Na shiga mota zuwa Tondibia a bayan gari, na tsaya bakin gulbi, na wurga dutsen cikin ruwa. Da saurayin nawa ya zo, na ce masa ɓarawo ya shiga.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna bakin tabarma.

"Na sami mai saye," ya ce. "Da kuɗin na so in yi kayan aure, in fasa tafiyar. Babanki ya roƙe ni."

Ban faɗa masa gaskiya ba.

Kafin azumi ya sayar da taksin ya bi masu neman duwatsu. Salularsa ta yi ta shiga, daga baya ta daina.

Ya dawo bayan na yi aure na haihu. Ranar hamada ta cinye masa ido, ba ya iya tuƙi. Yanzu guga yake yi a shagon ɗinkin yayansa, yana laluben bakin riga da yatsa kafin ya ɗora ƙarfen.