Ranar da Inna Ta Faɗi Sunan Baba

Shekarun baya, tun tutar Nasara na kaɗawa a kan biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, ina 'yar shekara goma sha biyu, abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: ban taɓa jin mahaifiyata ta faɗi sunan mahaifina ba. "Malam" take cewa, ko "shi", in ranta ya ɓaci kuma "mutumin can". Na sha ɗana mata tarko. In shigo da gudu in ce, "Inna, wani baƙo na tambaya, wai gidan wa ne nan?" Sai ta ce, "Ki ce masa gidan ubanki ne," ludayi kuma ya sauka a tsakiyar kaina.

Inna ƙuli-ƙuli take soyawa a cikin Birni, ni ke mata talla. A shekarar aka ce mata ma za su yi zaɓe, amma sai wadda aka rubuta a biro aka ba ta kati. Maza suka yi ta dariya a zaure. Inna ba ta ga abin dariya ba. Duk rani rijiyar unguwarmu ƙafewa take, mu ɗauki tulu har bayan duwatsu, wuyana ma can ya gajarce. Ta ce masu neman ƙuri'a ƙofar mai kati kaɗai suke sani, to za ta yi kati, ta kuma sa matan unguwa su yi, wanda duk ya zo sai ya ji maganar ruwa.

Ta bi gida gida har takalminta ya tsinke. Mazan da suka ƙi barin matansu, ta tura musu gwaggona ta ƙauyen Gaffati, wadda ko liman ba ya ja da ita. Sai ranar ƙarshe ta rubutu suka haɗu, su ashirin da wani abu, kowacce da zanen bikinta. An ce in tsare gida. Na ɗauki faifan tallata na bi su, don ƙawata ta rantse min duk wadda ta taɓa katin nan take za ta fara Faransanci, kuma ina son ganin Gwaggo tana yi.

Malamin biro wani saurayi ne daga ƙasashen bakin teku, Hausarsa ba ta nuna ba. Maƙwabciyarmu ce ta farko. Ta faɗi sunanta lafiya lau. Sai ya ce, "Sunan miji?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Madam, sunan miji. Kin manta?"

Gwaggo ta ce, "Kai yaro, a garinku ba ku da iyaye ne? Wace 'yar mutunci ce ke kiran sunan mijinta a bainar jama'a?"

Ya dubi gardin da ke bakin ƙofa, gardi ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Malamin ya ce shi dai takarda tana da gurbi, ba sunan miji ba kati, kuma rana na yin tsaka zai rufe. Layi ya fara warwarewa. Wata ta ce wa Inna, "Yaya, dama mun gaya miki abin nan ba namu ba ne." Na dubi Inna. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar mai ya ƙone mata a kasko tana kallo.

To ni fa talla ta gama kashe min kunya. Babu zauren da ban sani ba, babu namijin da ban ji abokansa na ƙwala masa kira ba. Na ajiye faifai na ce, "Mushe, ni na san su."

Haka aka yi. Mace ta matso ta faɗi nata, ta toshe kunnuwa, ni kuma in rangaɗa sunan mijinta yadda har garin Mirriya za a ji. Wani ma na haɗa masa da sunan tsokanarsa, matarsa ta kai min duka tana dariya. Gardi ya ce, "Wannan 'yar, a gida aka haife ta ko a kasuwa?" Ni kuwa ji nake ni ce kumandan.

Inna ta tsaya a ƙarshe don kada wata ta zille. Da aka zo kanta malamin ya riga ya fara duban agogo. Bai ma kalle ta ba, ni ya kalla. Na buɗe baki, na ji wayam. Sunan Baba ne fa. Na san shi kamar tafin hannuna, amma harshena ya zama dutse. Ni da na tona mazan unguwa kaf, sai ga ni ina wasa da bakin zane. Malamin ya ɗauki murfin alƙalaminsa.

Sai Inna ta gyara mayafi, ta ɗaga kai, ta faɗa. Da bakinta, a fili, ba rawar murya. Gwaggo ta saki salati. Can wata ta callara guɗa, sauran suka ɗauka, har wani Banasare ya leƙo ta taga.

Labari ya riga mu isa gida. Muka tarar da Baba a zaure yana gyaran takalmin Innar da ya tsinke. Bai ɗago ba ya ce, "Ashe dai kin san shi. Shekara da shekaru ina zaton kin manta."

Inna ta ce, "Ajiye shi na yi, Malam, sai ranar da zai yi amfani."

Yanzu an sauke waccan tutar an ɗaga tamu. Masu neman ƙuri'a sun zo ƙofarmu, kuma babu wanda ya tsira bai sha maganar ruwa ba. Pampon ruwan bai iso lungunmu ba tukuna, amma ya matso, wuyana ma ya ɗan miƙe. Gwaggo ba ta iya Faransanci ba. Ni da nake ganin rashin kunyata ce jarumta, a ranar na gane abin da na yi bai ci min komai ba, Inna ce abin ya yi wa nauyi kuma ta ɗauka. Katin na nan a ƙasan kwallarta, naɗe da ƙyalle. Jiya ma na sake tambayarta gidan wa ne nan. Ludayin bai canja ba.