Shanu Huɗu a Cikin Kwamfuta

A wani shagon gyaran kwamfuta da ke bakin kasuwar Kazaure akwai wani dattijo siriri, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. Ban san sunansa ba. Hausarsa da ɗan karin Fillanci, hannunsa kuwa irin na wanda ya daɗe yana riƙon sanda.

Wata malamar makaranta daga Roni na zaune gabansa. Tun da aka sabunta mata Windos kwamfutarta ke jan ƙafa, ga tambayoyin jarrabawar gobe a ciki.

"Malama, ƙwaƙwalwar kwamfutar nan kashi huɗu ce, kamar shanun huɗa," yake ce mata. "Ɗaya ke ja, ukun suna kwance."

Ya leƙa saiti, sai ga inda aka sa alama aka taƙaita aikin ga kashi ɗaya.

Malamar ta ce, "Ƙanena ne ya yi hakan, Baba. Wai don caji ya daɗe."

Bai yi faɗa ba. Ya cire alamar, ya kashe kwamfutar, ya kunna. Layuka huɗu na motsi a allon, kowane kashi da nasa. Yana bin su da yatsa, leɓɓansa na ƙirga, yadda nake zaton ya taɓa yi a bakin garke.

"Sun cika, Malama," ya ce.