Kunnen Baba da Sabon Inji

Tun ban san kaina ba Baba ke kula da injin man gazwal da ke ba garin Tanout wutar kuran. Da kunne yake aiki. Sai ya ɗora bakin dogon turnabis, ƙarfen kwance kusoshi, a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya runtse ido, ya ce ga inda ciwon yake. Ban taɓa jin ya kuskure ba.

Da aka kafa sabon inji a wata tasha wajen Ollelewa, wanda suke kira turbin, sai aka tura shi can. Shi wannan iskar gas yake ci, iska mai zafi ke juya fukafukan cikinsa. Ba ya bugawa kamar na da, wani irin fito yake yi mai huda kai. An raba wa kowa abin toshe kunne. Baba ya rataye nasa a wuya.

Wata Juma'a ya zo gida, na lura sai an maimaita masa magana. Raina ya ɓaci.

"Baba, don Allah me ya hana ka sa abin nan?"

"Ke, in na toshe kunne da me zan duba shi? Da hanci?"

"Ba an ce allon na'ura ke nuna komai ba?"

"Allo! Sai inji ya mutu allon zai gaya musu."

Taurin kai, wallahi! Amma na san ciwonsa. Abokan aikinsa duk masu takarda ne, shi kuwa kunnen nan kaɗai ya fi su da shi. Wata da watanni yana zagaya turbin kunne buɗe, wai sai ya koyi muryarsa. Bai koya ba.

Kafin damina likita a Damagaram ya ce kunnensa na hagu ya mutu, na dama saura ƙiris, kuma ba gyara. Aka sallame shi daga aiki.

Bayan girbi wani mutumin Falanko, da bai ji labari ba, ya kawo injin niƙansa gyara a amalanke. Baba ya yi murna, har ya sa tsohuwar rigar aikinsa. Ya duƙa yana naɗe hannun riga, ya ba injin baya, mutumin ya tayar. Ƙara ta cika unguwa, kaji suka watse, har ƙyauren gidanmu na rawa.

Baba ya ɗago ya dube ni.

"Ce masa ya tayar mana, ina jira."

Mutumin ya kalle ni, na kalli ƙasa.