Firmin Caudron, Wanda Ya Hana Gawar Matata Shiga Coci

Ranar sha huɗu ga Nuwamba, shekara goma sha ɗaya ke nan, Firmin Caudron ya tsaya a ƙofar cocin garinmu ya hana a shiga da gawar matata. Tun ranar ban ƙara yi masa magana ba. Makon jiya ya ajiye aikinsa na maginin da ke kula da cocin, hukumar gari ta sallame shi da agogon bango. Tunda babu mai rubuta komai a kansa, ni da na fi kowa jin haushinsa zan rubuta.

Shekara arba'in, da ƙarfe bakwai na safe, yakan buɗe ƙaramar ƙofar arewa ya ce, "Barkanku da kwana," alhali babu kowa ciki. Sai ya bi ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya da 'yar gudumarsa, yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Dutse mai lafiya yakan amsa da ƙara. Wanda ya mutu sai ya ce dum, kamar an bugi buhun gari.

Waɗanda yake gaisarwa magina ne na shekara ɗari takwas da suka wuce. Kowannensu ya bar alamarsa a jikin duk dutsen da ya sassaƙa: tauraro, kibiya, ƙugiya. Madam Lenglet mai canja furanni ta rantse ta taɓa jin sa can sama yana cewa, "Kai Mai Kibiya, ranar nan a buge ka zo aiki, ko?" Ya kasa kunne kamar mai jiran amsa. Sannan ya yi dariya.

Ni kuwa tarihi na koyar, har na rubuta littafi a kan cocin. A ciki na ce ba a taɓa rufin tsakiya ba tun 1240. Matata Odile ta so a yi mata addu'ar ƙarshe a ƙarƙashinsa, a kaɗa babban molon cocin, wato ogan mai bututun iska, har bango ya girgiza.

Muna isowa da akwati muka tarar da shi a bakin ƙofa.

"Malam, yau ba shiga."

"Kauce, Firmin."

Ya buɗe tafin hannunsa, ga ƙura a ciki. "Kwana uku ina share wannan a bencin gaba. Ƙurar dutsenmu fara ce, wannan ja-ja ce. Jiya na hau. Dutsen da ya ɗaure bakunan rufin ba shi da alamar kowa, baƙo ne. Bayan yaƙi aka sa shi, aka riƙe shi da ƙarfe tsirara, ba su zuba dalma ba. Tsatsa ta gama da shi."

"Ba a taɓa rufin nan ba. Yana cikin littafina."

"To, Malam, shi dutsen bai karanta ba."

Wani ya yi dariya, a jana'izar matata. Na kira shi jahili mai hira da fatalwa. Fada, limamin cocin, ya roƙe shi, amma Firmin ya sa makulli a aljihu ya zauna kan matakala. A tsakar fili aka yi wa Odile addu'a, ruwa na dukan akwatinta.

Rufin bai faɗo ranar ba, bai faɗo a makon ba. A gidan shan kofi har tsokanarsa suke: "Firmin, yau me dutse ya ce?" Ni na rubuta takardar neman a kore shi, kuma takarda ce mai kyau.

A kwana na goma sha tara, da tsakar rana, garin duka ya ji rugugin faɗuwar dutsen. Da aka buɗe ƙofa, dutse kamar girman murhu yana zaune inda bencin gaba yake, ƙura na tashi a hankali cikin hasken tagogi masu launi. Nan ne da zan zauna ranar jana'izar, da ni da 'yata Maud. Masana da suka zo suka ce girgizar molon kaɗai ta isa ta sauko da shi.

Shi kuwa Firmin sai ya koma bakin aiki. Shekara biyu yana sassaƙa sabon dutse, ya hau da shi, ya sa alamarsa a fuskar da ke kallon sama, inda ba mai gani sai tantabara.

Firmin, kai ne ka zaɓi a zage ka da rai a kan a yabe ka a makabarta. Kai ne ka san ƙiyayyar malamin tarihi ba ta kashe kowa. Masu tasowa, ku koyi wannan: in kunnenku ya ji abin da littafi bai faɗa ba, ku zauna kan matakala.

A liyafar sallamarsa na ratsa mutane na tsaya gabansa. Ina buɗe baki ya taɓa kunnensa.

"Kada ka wahal da bakinka, Malam. Guduma ta cinye su duka biyun."

Ya miƙo min kofi, ya juya. Don haka ga shi a rubuce, Firmin, ko da yake na san ra'ayinka a kan rubutuna. Maud ɗin da ka tsirar ta haifi 'ya'ya biyu. Kai ne da gaskiya. Na gode.