Ranar da Mahara Suka Sha Ruwan Rijiyarmu

Talabijin ce ta jawo mini. Wata la'asar ina zaune a gidanmu na Gure, aka nuno wani gari a bakin tekun Bahar Rum, inda duk shekara suke kwaikwayon yaƙin da kakanninsu suka yi da ƴan fashin teku. Wasu su sauko daga kwale-kwale da takubba, mutanen gari su tare su a bakin ruwa, a yi ta artabu har ƴan fashin su zube. Na ce ai mu ma muna da namu. Teku ne kawai ba mu da shi, raƙumi kuwa ya ishe mu jirgi.

Namu labarin na kakan Innarmu ne. A zamanin da mahara ke saukowa bisa raƙuma, shi ya tsaya a bakin rijiyar ƙauyensu, can wajen Kelle, da mashi da mutane kaɗan, ya kayar da shugaban maharan, sauran suka watse. Da wannan labari aka yaye mu. A shekarar da nake magana Inna ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe mata gani, ƙafa ta ƙi. Da na gaya mata shirina, ta ce a kai ta ko a amalanke ne, tana so ta ji faɗuwar ɓarawon nan da kunnenta kafin ta bar duniya. Na yi mata alkawari, da wannan bakin nawa mai saurin alkawari.

Na daɗe ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, har Mushe kowa ke ce mini, na ɗauka babu taron da zai gagare ni. Ashe yara sun fi manya sauƙi. Kowa a unguwa so yake ya zama jarumi, babu mai son zama ɓarawo. Wannan ya ce shi na'ibin liman ne, wancan ya ce aure yake nema, kada dangin yarinya su gan shi da rawanin mahara. Da ƙyar mahauta suka yarda, su ma sai da na roƙe su kamar mai neman ƙarin nama. Matsayin kakanmu na ba ƙanena, tela ne, dogo, marar yawan magana.

Saura shugaban mahara. Wannan sai mai raƙumi, wanda kuma ya iya faɗowa bai karya wuya ba. Mutum ɗaya ne a unguwar, wani dattijo dillalin dabbobi mai bin kasuwar Gidigir, ya kuwa karɓa da dariya. Dattijon nan shi ne uban matar ƙanena. Na san haka sarai, ni ma na kai goron auren. Amma hankalina yana kan raƙumi, ban haɗa biyun ba, kuma har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

Sau uku muka yi gwaji, ƙanena bai zo ko ɗaya ba. Yau ɗinkin biki, gobe ciwon kai. Na same shi a shago na yi ta faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce ranar zai zo. Da ya buɗe baki ya gaya mini dalili, da na gyara. Amma ni ma kunyata yake ji, ba zai iya ce wa yayansa ya yi wauta ba.

Bayan girbi muka yi abin, a filin bayan lakwal, da rabin tano, wato duro, cike da ruwa a matsayin rijiya. Jama'a ta cika maƙil. Na zaunar da Inna a tabarma can gaba, na zauna kusa da ita ina gaya mata abin da ke faruwa. Aka buga ganga, mahara suka shigo da ihu. Gaskiya mahautan nan sun fitar da ni kunya, kowa ya mutu a inda na ce ya mutu. Fili ya rage daga dattijo bisa raƙuminsa sai ƙanena da mashin kara.

Ƙanena ya taho a guje kamar gaske. Saura taku uku sai ya ja birki, ya cire takalmi, ya ajiye mashi, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

Shi kuma dattijon, maimakon ya faɗo a rufa asiri, sai ya sauke amawali ya amsa gaisuwa cikakkiya. Ya tambayi gida, ya tambayi ɗiyarsa, ya tambayi tarin jaririn ko ya yi sauƙi. Na miƙe ina yi masa alama da hannu biyu, ina nuna ƙasa. Ya dube ni ya ce da ƙarfi, kowa na ji, "Mushe, ta yaya zan faɗi, ba wanda ya taɓa ni?"

Fili ya ɗauki dariya. Matattun mahara suka tashi zaune suna karkaɗe riga. Dattijo ya rasa abin yi, ya gurfanar da raƙumi ya sauko. Ƙanena ya ga suruki a tsaye cikin rana, sai ya ɗebo ruwa a tanon nan ya miƙa masa da hannu biyu. Ina ji ina gani shugaban mahara ya sha ruwan rijiyar kakanmu, ya yi hamdala, ya sa albarka.

Inna ta ji hayaniya, ta lalubo hannuna ta tambaya ko ya faɗi. Na so in ce e, Allah ya sani na so. Amma kafin magariba duk Gure za ta kai mata labari, don haka na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba.

"Yaron ya yi daidai," ta ce. "Da ya ɗaga wa surukinsa hannu, ko da wasa ne, da ba ni na haife shi ba. Kai ne dai, da duk karatunka, ka sa kakana ya durƙusa wa ɓarawo a gaban mutane."

Na ce ta yi haƙuri, baɗi zan gyara, zan nemo wani mai raƙumin ko daga garin Gamu ne. Ta ce in kira mai amalanke ya mai da ita gida, ita ba ta yi mini alkawarin baɗi ba.

Ba ta kuwa kai ba. Ta rasu kafin ruwan farko.